Kafin Kuɗin Masara Su Koma Jif

Da an shiga Nuwamba, masara ta bushe, an casa waken suya, tireloli sun fara layi a kasuwar Ɗandume, sai wayoyin samari su cika da hotunan motoci. Dillalan Kaduna da Kano da Abuja sun fi mu sanin ranar da kuɗi ke shiga hannun mutanen Funtuwa da Malumfashi. Yau a turo maka Lexus RX 350, gobe GX 460, jibi Mercedes GLE baƙa wuluk tana sheƙi a ƙarƙashin rumfa. Maganar da ke biyo hoton ba ta canzawa: "'Yar Beljiyam ce, Alhaji, yanzu aka sauke ta, ko lamba ba a sa mata ba." A 'yan shekarun nan an ƙara mata jela: "Ga ma Carfax ɗinta nan, duba da kanka."

Ƙannena, a kan wannan takarda nake so mu zauna. Ba na cikin masu ganin laifin matashi don ya hau mota mai kyau. Wanda ya sha rana tun daga sharar gona har zuwa sussuka, ya sayi taki da tsadar da kowa ya sani, in ya ga dama ya jingina a kujera mai sanyi, halalinsa ne. Abin da ke damuna shi ne yadda 'yan shafuka na Turanci da ƙananan lambobi ke kashe wa mai saye bakin tambaya. A miƙo masa waya, ya shafa sama ya shafa ƙasa, ya ga tambarin kamfani, ya ce madalla. Wani kuma da ya hangi jan rubutu guda sai ya razana, ya bar mota mai lafiya, ya je ya faɗa wa wadda takardarta fes take alhali cikinta ya ruɓe. Dukansu biyu kallon takardar suka yi, ba karantawa ba.

Ka fara da sanin wanda ke yi maka magana. Carfax kamfani ne na Amurka da aka kafa a 1984, yana da kishiya mai suna AutoCheck, mallakar kamfanin Experian. Babu ɗayansu da ya taɓa ɗaga bonet ɗin motar da kake kallo. Aikinsu tattara labari ne daga ofisoshin rajistar motoci na Amurka da Kanada, da kamfanonin inshora, da 'yan sanda, da wuraren gwanjo, da garejin da suka yarda su riƙa aika bayanin sabis. Duk abin da aka kai musu sai su jera shi a ƙarƙashin lambar motar, da kwanan wata, da gari, da yawan tafiyar da ta yi. Abin da ba a kai ba, babu shi. Mutumin da ya daki bishiya, ya lallaɓa wajen wani mai gyaran bodi a bayan gari ya biya daga aljihunsa, takardarsa za ta fito ba tabo. Saboda haka in ka ga an rubuta cewa ba a kawo rahoton haɗari ba, ka ɗauke shi yadda aka rubuta shi. Cewa aka yi ba a kawo ba, ba a ce ba a yi ba.

Rahoton da dillali ya turo maka a WhatsApp kuwa, ka karɓa ka yi godiya, amma kada ka biya kuɗi a kansa. Ba zargin dillalin nake ba, mai yiwuwa shi ma haka aka turo masa daga Legas. Sai dai yaron da ya iya haɗa katin biki a waya ba zai rasa yadda zai goge layi biyu daga irin wannan takarda ba. Ka je gaban motar da ƙafarka, ka kwafi lambar casis da hannunka, ka biya a ciro maka sabon rahoto a ranar. Kuɗinsa bai kai na sabuwar taya ɗaya ta motar ba.

Lambar nan, wadda takardu ke kira VIN, haruffa da alƙaluma 17 ce tun daga 1981, kuma ba a sa I ko O ko Q a cikinta don kada su rikice da 1 da 0. Tana gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kan takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, a motoci da yawa kuma an buga ta a ƙarfen motar kansa. Ka haska su da fitilar waya ɗaya bayan ɗaya, su zo daidai harafi da harafi, su kuma yi daidai da na takardun kwastan. Takardar ƙofa da gefenta ya tattare, ko ka ga sawun gam, ko an bi ta kai da fenti, abin tsayawa ne. Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka ƙera ta: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, W Jamus, S Ingila. RX da yawa a garin Cambridge na lardin Ontario aka haɗa su, shi ya sa suke farawa da 2T2, GX da LX kuwa daga Japan suke fitowa da JTJ.

Harafi na goma shi ne mai tona asiri, don shi ke faɗin shekara. A tana nufin 2010, B 2011, a bi da su har F 2015, G 2016, H 2017, J 2018. Kun san sana'ar da ta bunƙasa a Legas da Abuja ta canza wa mota fuska. A ɗauko LX 570 ta 2010, a cire mata bamba da fitilu da gaban nan gaba ɗaya, a sa mata na 2018, har sitiyari da allon gaba a taɓa. Ta fito kamar amarya. Wannan aiki ba haramun ba ne in an faɗa maka, akwai masu so ma da gangan. Amma in kuɗin 2018 ake nema a hannunka, harafi na goma kuma A ne, to shekara takwas ake sayar maka waɗanda babu su.

Yanzu mu shiga cikin rahoton. Kada ka fara da akwatunan da ke sama masu alamar kore da ja. Ka gangara inda aka jera tarihi, ka bi shi daga layin farko zuwa na ƙarshe, idonka a kan abu uku tare: yaushe, a ina, mil nawa. Bari in tsara maka misali daga irin abubuwan da ake gani. RX 350 ce ta 2015, an sayar da ita sabuwa a Houston ta jihar Teksas. Mai ita mutum ne mai kula, duk bayan 'yan watanni tana garejin kamfani: mil 9,000, mil 21,000, mil 34,000, a Yulin 2017 mil 41,000. A Satumbar 2017 sai ga layi guda, inshora ta ce motar ta zama asara gaba ɗaya, an kai ta gwanjo. Daga nan shiru fiye da shekara. Can sai ta ɓullo a wata jiha mai nisa, da sabuwar takardar mallaka wadda babu wani tabo a kanta, mil 38,000. Bayan 'yan shekaru aka rubuta cewa an fitar da ita ƙasar waje. Ka tambayi dillali, ya ce, "Ai ɗan gogawa ce aka yi mata a baya, bamba kawai aka canza. Ka ga ma takardar ƙarshe ba ta da komai."

Ruwa ba ya tsami banza. Ka tambayi kanka me ya faru a Houston tsakanin Yuli da Satumbar 2017. A ƙarshen Agustan shekarar guguwar Harvey ta sauka a Teksas, ruwa ya shanye unguwanni, dubban ɗaruruwan motoci suka nutse. Motar da ke zaune a garin lafiya lau a Yuli, inshora ta yafe ta a Satumba ba tare da rahoton karo daga 'yan sanda ba, ko ba a rubuta kalmar ambaliya ba ka san inda zarginka zai fara. Haka za ka yi da motar Fulorida da ta shiga gwanjo a ƙarshen 2022, bayan guguwar Ian, wadda ruwanta ma na gishiri ne, ya fi na kogi cin ƙarfe da waya. Tafiyar da ta yi zuwa wata jiha ita ma ba ziyara ba ce. Kowace jiha a Amurka da dokarta wajen buga tabo a takardar mallaka, masu wayo kuma sukan bi da mota ta inda tabon zai faɗi a hanya. Wankin takarda ke nan. Ga kuma mil da ya koma baya daga 41,000 zuwa 38,000, bai sake komawa kan tsohon layinsa ba. Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku shi kaɗai yana iya samun uzuri. Su ukun a jere, a mota ɗaya, ni dai ba zan tsaya sauraron uzurin ba.

Dalilin da ya sa nake tsananta wa motar ambaliya fiye da wadda ta yi karo shi ne ciwonta ba ya nuna kansa ranar ciniki. Jif na zamani cike yake da ƙananan kwamfutoci, wasu a ƙarƙashin kujeru, wasu a ƙarƙashin kafet, da wayoyi masu ɗaruruwan mahaɗai. Ruwa ya shiga, an shanya, an wanke, ta tashi lafiya. Tsatsa kuwa tana nan tana aikinta a hankali cikin mahaɗan. Za ka sha rani da ita ba ko tari. Damina na sauka, iska ta yi danshi, sai gilashi ya ƙi sauka yau, gobe giya ta maƙale a ɗaya kana tsakiyar hanyar Bakori, jibi duk fitilun allon gaba su kama lokaci guda. Mai wayarin ya gyara nan, can ya ɓalle. Ka sayi birenbos, ka sake saye. Mafi muni shi ne jakar iska da birki su ma a kan wayoyin nan suke.

In kana gaban motar, ga abin da za ka yi, kuma ba ya buƙatar Turanci. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ka duba can ƙurya inda mai wanki ba ya kaiwa, ko akwai zoben ruwa ko ɗigon fumfuna. Ka tura kujera gaba, ka durƙusa ka kalli ƙarafan da take gudu a kai da kusoshin da suka riƙe ta. Ƙarfen da ke cikin ɗaki ba shi da dalilin yin tsatsa. Ka buɗe but, ka ɗaga shimfiɗarsa, ka sa yatsa a lungunan da ke ƙasa. Ƙurar hunturu tamu ja ce, busasshiya, da ka hura ta tashi. Laka mai launin toka da ta daskare a lungu ta zama ɓawo, ruwa ne ya kai ta. Ka sa bakanike ya zare mahaɗin waya ɗaya ko biyu a ƙarƙashin kujera, in ka ga koren gari a bakinsu magana ta ƙare. Ka rufe ƙofofi, ka kashe sanyi, ka zauna minti biyu ka shaƙa. Motar da aka yi wa wankan turare har ido na yaji, akwai warin da ake binnewa.

Amma kada wannan ya sa ka riƙa ganin aljani a kowane layi. Abubuwa da yawa da ke tayar da hankali a rahoto ba komai ba ne. Mil ya tashi daga 52,000 ya koma 25,000 sau ɗaya, layi na gaba ya dawo 58,000 ya ci gaba da hawa, wannan hannun ma'aikacin gareji ne ya juya lambobi. Motar Kanada da kilomita take lissafi, ta Amurka da mil, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne, don haka motar da ta tsallaka iyaka lambobinta kan yi tsalle ba tare da kowa ya taɓa mita ba. Kai ma ka lura da wannan wajen ciniki: mil 100,000 ya haura kilomita 160,000. Wani lokaci za ka ga gurbin mil babu lamba, an rubuta cewa an ɗauke mata. Doka ce ta can: motocin 2010 zuwa ƙasa ba a tilasta bayyana mil ɗinsu wajen sayarwa in sun shekara 10, na 2011 zuwa sama kuma tun daga 2021 an mai da shi shekara 20. Ba shaidar maguɗi ba ce, sai dai ta bar ka ba mai tsaya maka. Shirun shekara biyu ba sabis na iya zama mai ita a gida yake juye baƙin mai. Gwanjo ma iri-iri ne. Akwai na dillalai, irin na Manheim, inda motocin da wa'adin hayarsu ya cika ke wucewa lafiya lau. Akwai kuma Copart da IAA, inda akasari inshora ke zubar da waɗanda ta biya diyyarsu.

A nan ne zan saɓa wa masu cewa duk motar da aka buga wa salbej, wato tabon da ke nuna inshora ta ce ta zama asara, a guje ta. Da za a bi wannan, da wuraren sayar da motoci da yawa a ƙasar nan sun rufe. Inshora a Amurka ba ta cewa mota ta mutu don ba ta gyaruwa, lissafi take yi. In kuɗin gyara ya kai wani kaso na darajar motar, a jihohi da dama wajen kashi 75 cikin 100, sai ta biya mai ita ta kai gwanjo. Ladan bakanike a can kuwa da awa ake biya, da tsada. Ƙanƙarar sama ta lotsa rufi da bonet, ko an daki ƙofofi biyu da fitila, lissafi ya cika, alhali inji da giya da ƙashin motar ba abin da ya same su. Irin wannan in ta samu mai gyaran bodi na ƙwarai za ta yi maka shekaru. Abin nema shi ne inda aka dake ta da ƙarfin dukan. Ka rubuta lambar casis a Google. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan a intanet, motar tana tsaye a fili da rubutun alli a gilashi, yadda take kafin kowa ya taɓa ta. In ka ga gaba ya shige har gindin gilashi, taya ta karkace, jakunkunan iska sun fashe suna reto, to ka san aikin da aka yi ba na bamba ba ne. Jakar iska tana da tsada, kuma ba kowane mai gyara ke mai da ita ba, wani rufe gurbin kawai yake yi ya kashe fitilar gargaɗi. Ka murɗa makulli ka zuba ido: fitilar jakar iska ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu da kanta. Wadda ba ta kama ba sam, an yi mata aiki.

Motar salbej da aka gyara da kyau, aka faɗa maka, aka rage maka kuɗi, ciniki ce. Ka dai tuna ranar da za ka sayar kai ma ragin za a nema a wurinka, don lambar casis ba ta mantuwa.

Rahoton da ya fi ba ni tsoro ba mai jan rubutu ba ne. Shi ne wanda ya yi kyau har ya wuce misali: mai ita ɗaya, sabis a kan kari, ba haɗari, mota ta bara ko ta bana, kuɗinta kuma ƙasa da na kasuwa ƙwarai. Ka duba layin ƙarshe da kyau. Motar tana gabanka a Kaduna, dillali ya ce ta yi wata biyar da sauka, amma rahoto ya nuna an juye mata baƙin mai a wani gari na Amurka watan jiya, ko an sabunta rajistarta. Mota ɗaya ba ta zama wuri biyu. Abin da ya faru shi ne an kwafi lambar wata mota mai lafiya, iri ɗaya, launi ɗaya, an liƙa wa wadda ke gabanka. Tarihin da kake karantawa gaskiya ne, amma na wata ne. Taka kuwa akwai dalilin da ya sa aka raba ta da sunanta.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Satar manyan motoci ta yi ƙamari a Kanada har gwamnatin ƙasar ta kira taron ƙasa a kanta a Fabrairun 2024. Highlander da Lexus RX suna cikin waɗanda ɓarayi suka fi so, da yawa kuma ta tashar jiragen ruwa ta Montreal ake fitar da su a kwantena zuwa Afirka ta Yamma da Gabas ta Tsakiya. A Satumbar 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Najeriya. Ranar da aka zo ɗaukar irin wannan mota, ba wanda zai tambaye ka buhu nawa ka sayar kafin ka haɗa kuɗinta. Za a tafi da ita, kai kuma ka shiga bayanin yadda ta zo hannunka. Akwai wuraren dubawa kyauta: hukumar NICB ta kamfanonin inshorar Amurka tana da shafin da za ka sa lambar ka ga ko an kai rahoton sata, 'yan sandan Kanada ma suna da nasu. In Prado ce irin wadda muka saba gani aka kawo maka da rahoton da ke cewa a Amurka aka sayar da ita sabuwa, ka sake kallon lambar, don ba a kai wannan ƙirar kasuwar can da sunan Prado ba, 'yar uwarta GX ce ake sayarwa.

Duk abin da muka faɗa, iyakarsa bakin teku. Ranar da motar ta shiga jirgi, Carfax ya rufe littafinsa. Watannin da ta yi a Kwatano, wanda ya hau ta shekara guda a Legas kafin a wanke ta a cire lamba a sake kiranta sabuwar sauka, mai kwamfutar da ya mai da mil 190,000 ya koma 78,000, babu ɗayansu a ciki. Amfanin rahoton a nan shi ne lamba ta ƙarshe da aka rubuta kafin ta bar can. In ta fi wadda ke allon gaba yau, ba sai ka kira kowa ba. Ka dubi robar birki da fatar sitiyari da gefen kujerar direba, su ba a iya juya musu mita. Ka zo da bakanikenka, ba na dillali ba, mai na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, a ɗaga motar a kalli ƙasanta. Wadda ta zauna a jihohin dusar ƙanƙara ko Kanada, gishirin da ake zubawa a titi yakan ci ƙasanta. Ba a cinikin biri a sama.

Takardun kwastan kuma wani babi ne da rahoton bai san da shi ba. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, daga 2022 kuma kwastan ta koma yanke kuɗin fito da lambar casis. Mu da ke kan hanyar da ta fito daga Jibiya da Maraɗi mun san ba kowace mota ce ta shigo ta ƙofa ba. Ka kai takardun ofishin kwastan a tabbatar maka an biya, kuma a kan wannan lambar aka biya, kafin wani shinge a hanyar Zariya ya tabbatar maka da akasin haka.

Da yawa daga cikinku ba saye za ku yi ba, dillanci kuke, kuna ɗora hotuna a Facebook da TikTok kuna cin la'ada. Sana'a ce mai kyau, kuma wanda ya iya karanta rahoto a cikinku ya fi sauran daraja. Amma sani nauyi ne. Kun san hadisin nan na Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, aka tuhume shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Ɗan Ɗandume ko Ƙafur ba ya buƙatar a yi masa sharhin wannan, ya san abin da jiƙaƙƙiyar masara a gindin buhu ke yi wa sito. Motar ambaliya da aka shanya aka fesa wa turare ita ce wannan buhun. In ka ga layin a rahoto ka yi shiru, cewa "ni ma haka aka ba ni" ba za ta fishe ka ba. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani a kan aibin da aka ɓoye wa mai saye da haƙƙinsa na mayar da kaya. Ka faɗi aibin, ka rage kuɗi, akwai mai saye.

Akwai lissafin da ba ya cikin kowane rahoto, zan taɓa shi a gurguje don na san ba shi kuka zo ji ba. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, LX 570 mai cin lita guda a wajen kilomita 6 ta zama mata ta biyu. Range Rover da manyan Mercedes masu tashi da sauka a kan iska, ranar da balan-balan ɗin ƙafarsu ya fashe ba a Malumfashi za ka samo shi ba, sai Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko a aiko daga Ladipo. Farashin masara kuma kun ga yadda yake hawa ya sauko, taki bai sauko tare da shi ba. In kuɗin motar sun haɗa da na takin baɗi, ba ka kai sayenta ba tukuna. Sannan a ƙasar da infoma ke ƙirga wa mutane arziki, daga Faskari zuwa Sabuwa da Ƙanƙara, baƙar jif mai duhun gilashi a ƙofar gida sanarwa ce. Dattawanmu masu rumbuna cike da ke yawo a tsohuwar Golf ba rowa ce ke damunsu ba.

In ka auna duk wannan ka ga za ka iya, lambobi sun zo ɗaya, tarihin ya bi hankali, bakanike ya gamsu, kwastan ta tabbatar, to saura takardar ciniki. Kada ka yarda da rasit mai cewa "jif baƙa guda ɗaya". A rubuta lambar casis duka 17, da shekarar motar, da mil ɗin da ke allo a ranar, da cikakken sunan mai sayarwa da shaidarsa, ga shaidu biyu, kuɗi kuma su bi ta banki zuwa asusun mai wannan sunan. A ƙara layi guda: mai sayarwa ya tabbatar motar ba ta sata ba ce, ba ta nutse a ruwa ba, an biya mata kuɗin fito, in kuma aka samu saɓanin haka zai karɓi abarsa ya dawo da kuɗi. In ya ce ba zai sa hannu ba, kada ka yi fushi. Ka miƙa masa biro ka ce ya nuna maka wanne daga cikin ukun yake so a cire.